Katolika a Landan: Baƙi Suna Shiga, 'Ya'yansu Suna Fita

A tsakiyar shekarun 1960, mutum sama da miliyan 2 ne ke halartar ibadar Mas kowace Lahadi a majami'un Katolika na Ingila da Wales. Ya zuwa 2019 ƙidayar bishop-bishop na ƙasar ta nuna adadin ya dawo wajen 702,000, annobar korona ta sauko da shi 390,000 a 2021, sannan ya ɗan farfaɗo zuwa kimanin 555,000 a 2023. Duk da haka, wanda ya leƙa cocin Katolika a Peckham ko Wembley ko Stratford da hantsin Lahadi zai rantse alƙaluman ƙarya ne, domin benci cike yake da 'yan Najeriya da Gana da Filifin da Foland da kudancin Indiya. Wannan cikar ce ta sa wasu limaman coci a Landan ke ganin ciwon na ƙauyuka ne da garuruwan arewacin Ingila. Tarihin birnin bai goyi bayansu ba. Shekara 250 ke nan ɗarikar Katolika ba ta taɓa cika majami'unta na Landan da 'ya'yan da ta haifa a can ba. Jirgi ne kullum ke kawo mata mutane, kuma kowane ayari da ya sauka yakan riƙe addinin tsara ɗaya ko biyu, jikoki su zame. Lokutan da zamewar ta yi sauƙi su ne lokutan da limaman suka shiga rayuwar mutanensu ta Litinin zuwa Asabar, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna abin da suke yi yau.

A 1534 Sarki Henry na VIII ya sa majalisa ta mai da shi shugaban cocin Ingila, ya yanke hulɗa da Fafaroma. Shekara ta zagayo aka sare kan Bishop John Fisher da na Thomas More, tsohon wazirin sarkin, aka kuma rataye sufayen gidan Charterhouse a Tyburn, kusa da inda Marble Arch yake yanzu. Sarauniya Mary ta mai da ƙasar ga Roma na ɗan lokaci, ta ƙona 'yan Furotesta kusan 300, da yawansu a Smithfield, abin da ya bar ƙiyayyar da ta daɗe ba ta huce ba. A zamanin Elizabeth ta I, ƙin zuwa cocin gwamnati ya zama laifi mai tarar sule ɗaya kowace Lahadi tun 1559, aka ɗaga tarar zuwa fam 20 a wata a 1581, dokar 1585 kuma ta ce duk ɗan Ingila da aka naɗa limamin Katolika a waje, sa ƙafarsa a gida kawai cin amanar ƙasa ne. Tsakanin 1535 da 1681 an kashe 'yan Katolika 105 a Tyburn, na ƙarshensu Oliver Plunkett, babban bishop na Armagh. Masu wa'azi suna son cewa tsanani ƙara wa addini ƙarfi yake yi. A Ingila dai tsanani ya cimma burinsa, don kuwa a wajajen 1780 'yan Katolika ba su kai 100,000 ba a duk ƙasar, kusan mutum ɗaya cikin ɗari.

Ɗan abin da ya rage na ibada a fili a Landan a ƙarni na 18, baƙi ne suka yi masa rumfa. Doka ba ta shiga gidan jakada, saboda haka ɗakunan ibada na ofisoshin jakadancin Sardiniya a Lincoln's Inn Fields, da na Bavariya a Warwick Street, da na Sifaniya da Fotugal, su ne majami'un talakawan Katolika na birnin. Bishop Richard Challoner, wanda ya shugabanci 'yan Katolikan yankin Landan daga 1758 zuwa 1781, ya zauna a gidajen haya a Holborn cikin tufafin mutanen gari, yana wa'azi a benen wata mashaya mai suna Ship, yana rubuta littattafan addu'a da Ingilishi mai sauƙi, yana neman kuɗin makarantun yara. Da majalisa ta sassauta dokokin a 1778, Lord George Gordon ya tayar da jama'a a watan Yunin 1780. Kusan mako guda ana ƙone-ƙone, aka farfasa ɗakunan ibadar Sardiniya da Bavariya da gidajen 'yan Ailan a Moorfields, aka ƙona kurkukun Newgate, sojoji suka harbe mutum kusan 300. Challoner ya rasu bayan wata bakwai.

Daga nan sai baƙi suka fara kwararowa. Dokar 1791 ta halatta buɗe majami'u, juyin juya halin Faransa ya koro dubban limamai zuwa Ingila, a 1792 kuma wani Fada ɗan Ailan, Arthur O'Leary, ya buɗe cocin St Patrick a Soho domin leburori 'yan ƙasarsu. A 1829 aka ba 'yan Katolika damar shiga majalisa. Komawar John Henry Newman zuwa Katolika a 1845 ta girgiza Oxford, littattafan tarihi kuma sun cika da labarinsa, amma a wannan shekarar ce cutar dankali ta faɗa wa Ailan, kuma yunwar da ta biyo baya ita ce ta sake fasalin ɗarikar a Landan. Ƙidayar 1851 ta sami mutum wajen 108,000 haifaffun Ailan a birnin, cunkushe a lungunan St Giles da Whitechapel da Wapping da Bermondsey. A Satumban 1850 Fafaroma Pius na IX ya maido da tsarin dayosis a Ingila, ya naɗa Nicholas Wiseman babban bishop na Westminster. Firaminista Lord John Russell ya yi tir, jama'a suka ƙona mutum-mutumin Wiseman a tituna. Amsar da Wiseman ya bayar a rubuce ta ƙunshi cewa bai nemi tsohon cocin sarakuna na Westminster da dukiyarsa ba, rabonsa shi ne lungunan talauci da ke kewaye da shi. Ko da dabara ya faɗa, ya faɗi inda aikin yake.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, waɗannan 'yan Ailan da yawansu ba masu zuwa Mas ba ne. Sun fito daga ƙauyukan da addini ke tafiya da ziyarar rijiyoyin waliyyai da zaman makoki, wasu ba sa jin Ingilishi, wasu kunyar tsummokaransu ke hana su shiga cocin da ake biyan kuɗin kujerun gaba. Yaran da iyayensu suka mutu ko suka gaza sukan faɗa gidajen gajiyayyu na hukuma, a tashe su cikin Furotesta. Limaman wancan zamani sun ga haka da idonsu, suna kiransa yoyo, suna rubuce-rubuce a kansa shekara da shekaru. Randa ce mai tsaga a ƙarƙashin indararo: muddin ana ruwa ba wanda zai san ta tsage. Wannan ya rushe tunanin cewa raguwar bangaskiya sabon abu ne da ya zo da talabijin ko intanet.

Wanda ya fi kowa fahimtar lamarin shi ne Henry Edward Manning, ɗan masu hali da ya yi karatu a Oxford, babban limamin Anglika da ya koma Katolika a 1851, ya gaji Wiseman a 1865. Attajiran ɗarikar sun so a gina katafaren coci don tunawa da Wiseman. Manning ya sayi fili, amma har ya mutu bai aza tubali ba, domin a lissafinsa yaran Katolika wajen 20,000 ne ke yawo a titunan Landan ba makaranta. A 1866 ya kafa asusun ilimi na dayosis, ya yi ta ja da hukumomin gidajen gajiyayyu har suka riƙa miƙa yaran Katolika ga gidajen marayu na ɗarikar. A 1873 ya kafa ƙungiyar yaƙi da shan giya, shi kansa ya bar sha, yana tsayawa a filin Allah yana yi wa leburori magana. Sai kuma yajin aikin 'yan dakon tashar jiragen ruwa na 1889, wanda Ben Tillett da John Burns da Tom Mann suka jagoranta, ana neman sisi a awa. Da yawan 'yan dakon jinin Ailan ne. Manning, yana da shekara 81, ya yi ta kai-komo tsakanin masu tashar da shugabannin yajin, ya je ya zauna da su a wata makarantar Katolika a Poplar har aka daidaita a tsakiyar Satumba, suka sami sisinsu. Da ya rasu a Janairun 1892, ma'aikata suka cika tituna don raka gawarsa. Charles Booth, wanda ya shafe shekara 17 yana binciken rayuwar talakawan Landan kuma shi ba ɗan ɗarikar ba ne, ya lura cewa ma'aikatan birnin sun juya wa yawancin majami'u baya, amma limaman Katolika suna da riƙo a kan mutanensu, saboda a unguwa ɗaya suke kwana da su, cikin irin talaucinsu. Magajin Manning, Herbert Vaughan, shi ya gina babban cocin Westminster, aka aza harsashi a 1895, aka fara amfani da shi a 1903. Makarantun sun riga shi da shekara talatin.

Shekarun 1945 zuwa 1965, waɗanda dattawan ɗarikar ke tunawa da kewa, su ma baƙi ne suka cika su. Sojojin Foland da suka ƙi komawa gida ƙarƙashin mulkin gurguzu suka zauna a Ealing da kewaye, dubban ɗaruruwan 'yan Ailan kuma suka ƙetaro don aikin gini da jinya a asibitocin sabuwar hukumar lafiya. Kilburn da Cricklewood da Camden suka zama unguwanninsu, cocin Sacred Heart na Quex Road yana yin Mas bi da bi ranar Lahadi. A 1955 aka buɗe cibiyar 'yan Ailan a Camden, inda limamai ke nema wa sabon zuwa ɗaki da aiki, a 1957 kuma bishop-bishop na Ailan suka fara turo limamai su bi leburori har sansanonin gini da otal-otal. A ƙarƙashin dokar ilimi ta 1944, gwamnati ce ke biyan albashin malaman makarantun ɗarikar. Mutum zai iya tashi, ya yi karatu, ya buga ƙwallo, ya je rawa a zauren coci, ya sami mata, ya sami aiki ta hannun ɗan ikilisiyarsu, duk bai fita daga da'irar ba. A 1959 manya sama da 15,000 suka shiga ɗarikar a Ingila da Wales, a 1964 aka yi wa jarirai sama da 137,000 baftisma. Ba a sake ganin waɗannan alƙaluma ba.

Da'irar ta warware ne saboda nasarar da ta samu. Makarantun da aka gina da kwabban leburori suka fitar da 'ya'yansu zuwa jami'a da aikin ofis. Hukuma ta rushe tsofaffin lunguna, ta kwashe iyalai zuwa sababbin garuruwa irin su Harlow da Stevenage da Basildon da Crawley, inda maƙwabcin dama da na hagu ba su san ko ka je coci ko ba ka je ba. Ƙyamar da ake yi wa 'yan Katolika ta ragu, wanda alheri ne, amma ita ce katangar da ke tsare mutane ciki. Masanin zamantakewa Michael Hornsby-Smith ya gano cewa a shekarun 1970 kusan biyu cikin uku na 'yan Katolikan da ke aure, da wanda ba ɗan ɗarikar ba suke yi. Binciken da Stephen Bullivant na Jami'ar St Mary's da ke Twickenham ya fitar a 2016 ya nuna inda aka kwana: manya miliyan 6.2 aka tasa cikin Katolika a Ingila da Wales, miliyan 3.8 kawai ke kiran kansu 'yan ɗarikar, kimanin kashi 56 cikin ɗari na haifaffun ciki ne suka zauna, kuma duk mutum ɗaya da ya shigo, goma sun fita. Yawancinsu ba wani addini suka koma ba, kuma ba da faɗa suka tafi ba. Sun ƙaura, ko sun yi aure, ko sun tafi jami'a, Lahadi ta wuce, wata ta wuce, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya.

Akwai masu cewa duk wannan kewaye ne, laifin na babban taron Batikan na biyu ne da aka yi daga 1962 zuwa 1965, wanda ya sa aka bar Latin aka koma Ingilishi tun ƙarshen 1964, aka sassauta al'adu da yawa. Ba a banza suke magana ba. Alƙaluman sun fara gangarowa daidai lokacin, kuma masaniyar al'adu Mary Douglas, 'yar Katolika da ke koyarwa a Landan, ta yi rubutu a 1970 tana kare leburan Ailan da suka ƙi barin ƙaurace wa nama ranar Juma'a. Ta ce limamai masu digiri sun ɗauki abin a matsayin camfi, alhali shi ne zaren da ke haɗa baƙo da gidansu da Ubangijinsa. Bishop-bishop sun amsa wannan a aikace da suka maido da dokar ƙaurace wa nama ranar Juma'a a Satumban 2011. Haka nan cocin Brompton Oratory, inda ba a taɓa barin Latin da waƙar gargajiya ba, yana jan matasa har yau. Sai dai hujjar tana da gurguwar ƙafa. Cocin Anglika da na Methodist ba su yi wani taron Batikan ba, amma a shekarun nan su ma suka yi ta zubewa, har masanin tarihi Callum Brown ya sa 1963 a matsayin shekarar da Birtaniya ta juya. Kuma Mas ɗin da ake zargi shi ne ake yi da Hausa da Ibo da Tibi a Najeriya, inda wani nazari na cibiyar CARA ta Jami'ar Georgetown a 2023 ya sami kashi 94 na 'yan Katolika suna cewa suna zuwa aƙalla sau ɗaya a mako. Brompton kuwa daga ko'ina a birnin take ɗibar mutanenta, kamar yadda duk wurin da ya shahara ke yi. Ba ta nuna abin da zai faru da an mai da kowace ikilisiya haka ba.

Daga ɗaya ɓangaren kuma ana cewa tsaurin koyarwa ne ya kori mutane. Wasiƙar Fafaroma Paul na VI ta Yulin 1968 da ta tabbatar da haramcin magungunan hana ɗaukar ciki ta tayar da ƙura a Ingila, limamai sama da 50 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa a jaridar The Times, aka dakatar da wasu. Tun daga nan ma'aurata da yawa suka koyi jin maganar coci su ajiye ta gefe, kuma wanda ya saba da haka a abu ɗaya zai yi a wani. Amma gwajin wannan magani yana nan tsallaken titi. Limaman Anglika suna aure tun ƙarni na 16, an fara naɗa mata limamai a 1994, mace ta zama bishop a 2015, Sarah Mullally ta zama bishop ta Landan a 2018. Duk da haka binciken ra'ayin jama'ar Birtaniya da ake yi kowace shekara ya nuna masu kiran kansu 'yan Anglika sun sauko daga kashi 40 a 1983 zuwa kashi 12 a 2018. Majami'un da suka fi bunƙasa a Landan kuwa, irin su Redeemed da KICC na Matthew Ashimolowo, sun fi Roma tsauri a abubuwa da dama. Ƙidayar Peter Brierley ta nuna masu zuwa coci a birnin sun ƙaru daga wajen 620,000 a 2005 zuwa 720,000 a 2012, kuma majami'un baƙaƙen fata na Pentikostal ne suka ja ragamar ƙaruwar, suna ɗibar 'yan Katolika a ciki. Abin da suke bayarwa sananne ne: wanda zai tare ka a filin jirgi, ya san sunanka, ya kira ka a waya idan ba a gan ka ba.

Akwai abu ɗaya da ba za a jingina wa zamani ko ƙaura ba. Hukumar bincike mai zaman kanta kan lalata da yara, ƙarƙashin Alexis Jay, ta fitar da rahoto a Oktoban 2019 kan gidan sufaye na Ealing da makarantarsa, inda wani tsohon shugaban gidan ya sha ɗaurin shekara 18 a 2017. Rahotonta na Nuwamban 2020 ya ce tsakanin 1970 da 2015 cocin Katolika na Ingila da Wales ya karɓi ƙorafi sama da 900 da suka shafi aukuwa sama da 3,000, kuma sau da yawa kare sunan coci aka sa gaba da kare yara. Ya kuma soki Kadinal Vincent Nichols, babban bishop na Westminster a lokacin, da suna. Gangarowar ta riga tonon asirin da shekaru, saboda haka ba shi ne asalinta ba. Amma duk abin da tarihin nan ya nuna yana aiki, daga makaranta zuwa ziyarar gida, amana ce jarinsa. Uwar da ta karanta rahoton Ealing tana da hujja idan ta yi jinkirin buɗe ƙofa, kuma limamin da ke jin haushin dokokin kare yara bai gane cewa su ne kuɗin shigarsa ba.

Ayarin da ya cika majami'un yanzu ya sauka ne daga shekarun 1980, ya ƙaru bayan Foland ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 27 na mazauna Landan ne suka ce ba su da addini, alhali a Ingila da Wales baki ɗaya kashi 37 ne, kuma baƙi Kirista da Musulmi ne suka kawo bambancin. Har limaman ma yanzu shigo da su ake yi. A 1907 limaman ƙungiyar mishan ta SMA suka kafa tashar Katolika a Shendam, daga baya 'yan Ailan na ƙungiyar suka riƙe Kaduna da Jos shekaru masu yawa. Yau ƙungiyar mishan ta St Paul, wadda Kadinal Dominic Ekandem ya kafa a Najeriya a 1977, tana cikin masu riƙe ikilisiyoyi a Ingila, yayin da makarantar horar da limamai ta Wonersh, ta dayosis ɗin Southwark, ta rufe a 2021 don ƙarancin ɗalibai. Ma'aikaciyar jinya 'yar Enugu ko Kafanchan da ke zaune a Woolwich tana nan daidai inda takwararta 'yar Ailan take a Kilburn a 1955. Ɗanta kuwa haifaffen Landan ne, a makaranta da waya yake samun tambayoyinsa, kuma Mas da harshen iyayensa sau ɗaya a wata, da shinkafa bayan an tashi, ba zai amsa masa su ba. Babu wani dalili a tarihi da zai sa a zaci shi zai bambanta da 'ya'yan Kilburn.

Saboda haka aikin farko na limaman shi ne su canza abin da suke ƙirgawa. Kan mutane ranar Lahadi zai ci gaba da kwantar musu da hankali muddin jirgi na sauka. Kowace ikilisiya tana da littafin baftisma, ba abin da zai hana a buɗe shafin shekara 20 da suka wuce a tambaya ina waɗannan yaran suke. Daga nan sai maganar lokaci. Fada ɗaya da ke riƙe coci biyu, yana fama da rufin da ke zuba da takardun inshora, ba zai zagaya gidaje kamar limamai huɗu na 1950 ba, wannan gaskiya ne. Amma arewacin Najeriya ta daɗe da sanin maganin ƙarancin limamai. Katikis ne ya riƙe ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna inda Fada ke zuwa jifa-jifa, shi ke koyarwa, shi ke gaida mara lafiya, shi ya san wanda ya daina zuwa. Landan cike take da mutanen da suka tashi cikin wannan tsari, ana ba su karatun nassi da ɗaukar baiko kawai. Sannan ga sisin wannan zamani: kuɗin haya, aikin dare a gidajen kula da tsofaffi, takardun zama. Ikilisiyoyin gabashin Landan sun taɓa gane haka, da suka haɗa kai da masallatai da ƙungiyoyin ƙwadago a 2001 suka fara fafutukar albashin da zai riƙe mutum, Kadinal Cormac Murphy-O'Connor kuma ya fara Mas na baƙi ma'aikata a babban cocin Westminster a Mayun 2006.

Za a ce wannan mai da coci ofishin agaji ne, mutum zai karɓi taimako ya yi gaba. Haɗarin gaskiya ne, an kuma gan shi. Amma Manning da ya sasanta yajin 1889 shi ne ya fi kowa zaƙewa a taron Batikan na farko a 1870 wajen kare ikon Fafaroma, Fada Vincent McNabb kuma, wanda ya yi shekaru yana takawa a ƙasa daga Haverstock Hill zuwa Hyde Park don amsa tambayoyin masu gardama, a talauce ya rayu da gangan. A wurinsu koyarwa da zama da mutane aiki ɗaya ne. Ƙalubalen da ya fi wannan nauyi shi ne na makarantu. Ɗarikar tana da makarantu sama da 2,000 a Ingila da Wales, da ɗalibai sama da 800,000, cikinsu har da dubban yara Musulmi, wato yaran da ke ajinta ranar Litinin sun fi mutanen da ke cocinta ranar Lahadi yawa. Idan makaranta ce magani, me ya sa ba ta warkar ba? Saboda a zamanin Manning makaranta tana tsaye ne tare da gida da unguwa. Yau kowane Fada a Landan ya san iyayen da ke bayyana a coci lokacin neman takardar shaidar shiga makaranta, su ɓace da zarar yaro ya sami gurbi. Limamin da ya sa hannu ya sallame su ya yi asarar lokaci guda da iyalin suka zo ƙofarsa da ƙafarsu.

Wasu kuma suna cewa guguwar ta juya, don a Istan 2025 dayosis ɗin Westminster ta karɓi manya sama da 500, Southwark wajen 450, da yawansu matasa. Abin farin ciki ne ga ɗarikar, kuma ya nuna akwai masu nema. Sai dai ɗaruruwa ne a gaban dubban da ke zamewa ba sanarwa, kuma sabon shiga da bai sami wanda ya san sunansa ba, shi ma hanyar fita a buɗe take gare shi. Maganar ta shafi bishop-bishop na Jos da Kaduna da Onitsha da ke tura limamansu Landan, domin ƙasar da ke fitar da limamai ba ta da tabbacin za ta dawwama a haka. A 1973 kashi 91 cikin ɗari na 'yan Katolikan Jamhuriyar Ailan ke zuwa Mas kowane mako. Kwalejin All Hallows ta Dublin, wadda aka kafa a 1842 don horar da limaman da za su bi 'yan Ailan zuwa Ingila da Amurka da Ostareliya, ta rufe ƙofarta a 2016.